Saiwa, Sassaƙe da Mai Juna Biyu: A Gwada ko Gado Ya Isa Shaida?

Da zarar ciki ya kai wata bakwai, a gidaje da yawa na ƙasar Hausa sai a shiga maganar maganin zaƙi. Uwar miji ko wata gwaggo za ta aika kasuwa a sayo sassaƙe da saiwoyi, a jiƙa a tukunya ko a jarka, mai ciki ta riƙa sha safe da yamma, don zaƙin da aka ce ya taru ya fita, naƙuda ta zo da sauƙi. Kafin nan ta riga ta sha na laulayi, wataƙila da na shawara da na basir. In kuma ranar ta zo abin ya yi tsawo, akwai wanda ungozoma ke damawa ta miƙa mata ta ce, "Daure ki shanye, 'yar nan, yanzu za ki sauka." Ƙwayar asibiti komai ƙanƙantarta tana zuwa da takarda mai faɗin abin da aka sani game da masu juna biyu. Jiƙon jarka kuwa ba shi da wata shaida sai amanar wadda ta haɗa shi.

Maganar ta shafi mata masu ɗimbin yawa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yammacin Najeriya haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti, sauran a ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya. Zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda suna cikin manyan masu kisa, wannan babu musu. Amma a inda tukunyar magani ta fi likita kusa da mace, dole a tambaya: a kai waɗannan itatuwa ɗakin gwaje-gwaje a tabbatar ba sa taɓa ɗan tayi, ko daɗewar da aka yi ana shan su ta wadatar?

Masu cewa lallai a gwada, yawancinsu likitocin mata da masana harhaɗa magunguna, da wani bala'i na Turai suke fara kafa hujja, kuma ba ganye ne ya jawo shi ba. A 1957 wani kamfani a Jamus ta Yamma ya fito da talidomaid, maganin barci da aka riƙa ba masu laulayi. Uwa ta sha ta ji daɗin jikinta, ba ciwo ba jiri. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 masu dungulmin hannuwa da ƙafafu a ƙasashe da dama. Amurka ta tsira da sauƙi saboda wata jami'ar hukumar magunguna, Frances Kelsey, ta ƙi sa hannu a sayar da shi sai an kawo mata ƙarin shaida. Abin da aka koya shi ne lafiyar uwa ba ta nuna lafiyar abin da ke cikinta, kuma ɓarnar tana aukuwa cikin makonnin farko, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar suna da ciki ba.

Sai a ce ai wannan haɗin Bature ne, ganye kuwa halittar Allah ce. Amsar masu son gwaji tana wajen makiyaya. A shekarun 1950, a tsaunukan Idaho na Amurka, tumaki suka riƙa haifar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Masu bincike na ma'aikatar gona sun shafe shekaru suna bin garke kafin su gano wata ciyawa mai suna Veratrum. Tunkiyar da ta ci ta a kwana na 14 da ɗaukar ciki ita ce ke haifar irin wannan ɗa, kuma za ta ci gaba da kiwonta har ta haihu. Makiyayan sun san dajin, sun san dabbobinsu, amma tazarar watanni tsakanin cin ciyawar da haihuwar ta hana su haɗa biyun.

Nan ne ƙashin bayan hujjarsu. Ko mace ba ta sha komai ba, kusan jariri 3 cikin 100 ana haifarsa da wata tawaya, kuma ciki 10 zuwa 20 cikin 100 na waɗanda aka san da su yana ƙarewa da ɓari. To idan wata saiwa ta ƙara ɓari kaɗan a kan wannan, wace ungozoma ce za ta iya ganewa da ido, komai gogewarta? A ɗakin da aka yi ɓari za a ce ƙaddara ce, ko iska, ko wahalar daka da ɗaukar ruwa. An gane talidomaid da wuri ne don nakasar da yake jawowa baƙuwa ce, ana ganinta tun ranar haihuwa. Wani maganin da aka riƙa ba mata a Amurka tun shekarun 1940 don hana ɓari sai a 1971 likitoci a Boston suka gano yana jawo sankara ga 'ya'ya matan da aka haifa, bayan sun kai shekara 15 zuwa 22. Gado yana kama dafin da ke kayar da mutum nan take. Wanda ke jira shekara ashirin, ko wanda ke taɓa ɗaya cikin ɗari, sai rubutu da lissafi.

Akwai kuma misalai daga abubuwan da ake sayarwa a kasuwanninmu. Hulba, wadda shagunan magungunan Musulunci suka cika da ita, likitoci a Maroko sun kawo rahoton haihuwar jarirai masu tawayar kai da laka ga wasu matan da suka sha ta da ciki, kuma masu bincike a jami'ar Marrakesh da suka ba ɓeraye masu ciki ruwanta sun ga illa ga 'ya'yan. Wannan bai kai ga yanke hukunci ba, amma ya isa a tsaya a duba. Gwanda nunanna ba ta nuna matsala ba a gwajin da aka yi a Singafo a 2002, amma ƙaron ɗanyarta ya sa mahaifar ɓera ta riƙa murɗawa da ƙarfi. Zogale ma haka: ganyensa abinci ne mai gina jiki, saiwarsa kuwa an ga tana hana ciki zama a jikin ɓeraye. Itace ɗaya, amma ganye daban, saiwa daban, ɗanye daban, nunanne daban. Ga kuma matsalar gari. A Beljiyam, farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 sun samu ciwon ƙoda mai tsanani a wani asibitin rage ƙiba, don an musanya wata saiwar ƙasar Sin da wata mai kama da ita, dangin duman dutsen da muka sani. In an daka saiwa ta zama gari, ko mai sayarwa ba ya iya rantsuwa a kan abin da ke cikin ƙullin.

Maganin gaggauta naƙuda shi ya fi tayar wa likitoci hankali. Mahaifa tana murɗawa ne ta saki, kuma a lokacin sakin jini ke isa ga jariri ta mabiyiya. In wani abu ya sa ta murɗa babu sassauci, jariri zai galabaita, ya yi kashi a ciki, wani lokaci mahaifar ta fashe, musamman in ɗan ya zo a gicciye ko ƙugun uwar ya yi masa kaɗan. Turawa sun bi ta wannan hanya. Ungozomominsu sun daɗe suna amfani da wata baƙar funfuna da ke kama hatsi don saurin haihuwa. A 1808 wani likita a jihar New York, John Stearns, ya yaba ta a rubuce, likitoci suka rungume ta, zuwa 1824 kuma wani likitan, David Hosack, ya yi gargaɗi saboda yawan jariran da ake haifa babu rai. Ba a jefar da ita ba. A 1935 aka tace sinadarinta a Landan, aka san ma'auninsa da lokacinsa, kuma har yau ana yin allurarsa bayan jariri ya fito don tsayar da jini. A Afirka ta Kudu ma, wasu tsirran da ake sawa a jiƙon da matan Zulu ke sha a watannin ƙarshe an tabbatar a jami'ar Witwatersrand suna sa mahaifa murɗawa. Wato maganin yana aiki, kuma aikin nasa ne haɗarin.

Shi gwajin da ake magana ba abin ɓoye ba ne. Ana samun fararen ɓeraye mata a haɗa su da maza, a rubuta ranar da kowace ta ɗauki ciki, a raba su gida huɗu, kowane gida kusan 20. Gida ɗaya ruwa zalla ake ba shi, sauran uku a riƙa ɗura musu maganin ta baki kullum, kaɗan da matsakaici da mai yawa. Cikin ɓera kwana 21 ne zuwa 22. Ana gobe za su haihu sai a buɗe mahaifa a ƙirga masu rai da matattu da gurbin waɗanda suka narke, a auna nauyin kowane ɗa. Rabinsu a duba zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa, rabi a sa su a wani jan rini da ke kama ƙashi, har a iya ƙirga haƙarƙari da gaɓoɓin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sannan a maimaita da zomaye, domin talidomaid kusan bai nuna illarsa a ɓera ba, a zomo da biri ya nuna.

A daidai nan ɗaya ɓangaren ke ɗaga murya, kuma ba masu magani da ungozomomi kaɗai ba ne, har da wasu masanan. Suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Abin da kaka ta sha ta haifi goma, uwa ta sha, 'ya ta sha, ba za a ce ba shi da shaida ba don kawai ba a rubuta da Turanci ba. Da yawa daga cikin waɗannan abubuwa ma abinci ne: citta, kanumfari, tsamiya, zoɓo, kuka. In za a hana mai ciki duk abin da ba a gwada a ɓera ba, sai a hana ta miya.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce ɓera ba mace ba ce, kuma suna da babban misali. Atemisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar daga wani ganye ɗan uwan tazargade a farkon shekarun 1970, har ta samu kyautar Nobel a 2015, shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro na yau. Amma da aka gwada shi a ɓeraye da zomaye da birai masu ƙaramin ciki, sai ya riƙa kashe tayi. Saboda haka aka shafe shekaru ana hana mata shi a watanni ukun farko, ana ba su kwinin, wanda shi ma daga sassaƙen itace ya fito: sau uku a rana har kwana bakwai, ga ɗaci, ga ƙarar kunne, ga jiri, mata da yawa ba sa iya ƙarasawa. Sai da aka tattara bayanan ciki fiye da 34,000 daga Afirka da Asiya, aka duba mata 737 da suka sha atemisinin da ƙaramin ciki, aka ga bai ƙara ɓari ko tawaya ba. A ƙarshen 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta. Tsoron da dabbobi suka jawo ya hana mata magani mafi sauƙi na tsawon shekaru, kuma zazzaɓin da ba a kashe ba shi kansa yana zubar da ciki.

Suna kuma ƙorafi kan yadda ake gwajin, kuma a nan gaskiya tana tare da su. Ungozoma da ruwa take jiƙa sassaƙenta, ta haɗa iri uku ko huɗu, ta ba da kofi guda. Ɗalibi a jami'a kuwa sau da yawa itace ɗaya zai ɗauka, ya tatse shi da sinadarin da ke fitar da abubuwan da ruwa ba ya fitarwa, ya ɗura wa ɓera ninkin abin da mace za ta taɓa sha, sannan ya rubuta cewa itacen na da haɗari. Wani kuma akasin haka zai yi: ya bi gajeriyar hanyar gwajin guba ta Lorke ta 1983, ɓeraye 12 ko 13, ya jira awa 24, in ba wanda ya mutu ya rubuta cewa babu illa. Wannan gwajin bai ce komai game da ciki ba. Kundayen digiri irin waɗannan suna da yawa a jami'o'inmu, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya gaya wa malamar awo abin da za ta faɗa wa matar da ke zaune a gabanta.

Sai maganar amana, wadda ba a yi mata gaggawa a Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara kusan 200, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Duk mai zuwa da kalmar gwaji kusa da mai ciki a wannan yanki dole ya san da wannan tabo. Mai magani shi ma yana da nasa tsoron: ya bayyana sirrin da ya gada, a kai Abuja ko Turai a sa a kwalba, shi ko sunansa ba za a ambata ba. Ga kuma tambayar da ba ta da daɗin amsawa: in an ce wa matar ƙauye ta bar jiƙo, me aka tanadar mata a madadinsa, alhali asibitin da ke kusa ba shi da ma'aikaciya da dare?

Duk waɗannan ƙorafe-ƙorafe na gaske ne, sai dai in an auna su da kyau, suna sukar mummunan gwaji ne, ba su rushe buƙatar gwajin ba. Labarin atemisinin ma da suke kafa hujja da shi, abin da ya warware shi ba daɗewar amfani ba ce. Rubutu ne: ma'aikatan lafiya a iyakar Tailan da Bama da wasu ƙasashen Afirka sun riƙa rubuta abin da kowace mace ta sha, da watan da ta sha, da yadda cikin ya ƙare. Haka aka yi da citta. A Norwe an bi mata 68,522, cikinsu 1,020 sun yi amfani da ita, ba a ga ƙarin tawaya ba, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa citta cikin abubuwan da za a iya ba mai laulayi. Bincike ya wanke ta. Masu tsoron cewa ɗakin gwaje-gwaje kullum hani yake kawowa su dubi wannan.

Babu mai hankalin da zai ce a tara mata masu ciki a ɗura musu saiwar da ba a sani ba don a ga abin da zai faru. Amma ba a buƙatar haka, tunda suna sha da kansu kowace rana. Abin da babu shi ne mai tambaya da mai rubutawa. A layin awo, in an tambayi mace ko tana shan na gargajiya, sau da yawa sai ta sunkuyar da kai ta ce a'a, domin ta ga yadda aka daka wa ta gabanta tsawa. Da za a tambaye ta cikin mutunci, "Baiwar Allah, me Inna take jiƙa miki a gida?", a rubuta a katinta, a bi ta har ta sauka, da cikin 'yan shekaru an san abin da ƙarnuka ba su nuna ba. Kuma an taɓa irin wannan aiki a nan: Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun rubuta bayanan haihuwa 22,774 a jere a Zariya, daga 1976 zuwa 1979, da takarda da biro, aikin da duniya ke ambato har yau.

Haɗa kai da masu magani ma ba sabon abu ba ne. Niprisan, maganin amosanin jini da cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja ta fitar, daga haɗin wani mai maganin gargajiya ya samo asali, da yarjejeniya a rubuce, kuma cikinsa akwai masoro da kanumfari da ganyen dawa. Abin da aka iya yi wa masu sikila ana iya yi wa masu ciki. Ita kuwa lambar hukumar NAFDAC mai harafin L a ƙarshe da ake gani a kwalaben magungunan gargajiya, izini ne na wucin gadi bayan gwajin guba da tsabta. Ba shaida ba ce cewa an gwada maganin a kan ciki, kuma jiƙon gida ko gaban hukumar ba ya zuwa.

Itatuwan da ake amfani da su sun fi a gwada su duka, kuɗin ma babu. Amma ba dukansu ke da gaggawa ɗaya ba. Ungozomomin kowace jiha za su iya lissafa goma ko ashirin da aka fi ba masu ciki, in an zauna da su a matsayin masu sani. A fara da na zaƙi da na naƙuda, a jiƙa su yadda ake jiƙawa a gida, a ma'aunin da ake sha, a yi musu cikakken gwajin ɓera da zomo a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, a haɗa da rajistar asibitocin awo, sannan a faɗi sakamakon da Hausa a rediyo, mai daɗi da marar daɗi. Masu cewa a gwada sun fi gaskiya, da sharaɗin a yi shi da mutanen da abin ya shafa. Kafin a kai can, iyaye mata da mazaje su taimaka da abu biyu: a ɗaga wa mai ciki ƙafa daga saiwa da sassaƙe da garin da ba a san asalinsa ba a watanni ukun farko, kuma kada a ba mace maganin gaggauta naƙuda a ɗaki. In naƙuda ta wuce yini ko ta kwana, a nemi mota a kai ta asibiti.